Wasila Furfuri, Wadda Ta Koya Wa Yisti Ƙamshin Sandal

Daga Allah muke, kuma wurinSa ake komawa. Abin da na ji mutane suna ta nanatawa ke nan a farfajiyar asibiti, ni kuwa ina tsaye da farar rigar aiki a jikina, takalmin Wasila ƙafa ɗaya a hannuna. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, kafin azahar, Allah Ya karɓi ran Dokta Wasila Attahiru Furfuri a nan Gusau, tana da shekara arba'in da ɗaya. Ba jinya, ba kwanciya, ba ko zazzaɓin da za a ce jiya an sha magani. Ko yanzu da nake wannan rubutu, zuciyata ba ta gama yarda da abin da hannuna yake rubutawa ba.

Ni ce Rebecca Istifanus, haifaffiyar Sabon Gari, ƙawar marigayiya tun muna makarantar sakandare, kuma mataimakiyarta a ɗakin binciken da ta buɗe a wani ɗan gida da ke bayan unguwarmu. A gabana abin ya faru, shi ya sa mutane suke ta tambayata, ni kuma ina ta ba su amsa ɗaya, amsar da ba ta gamsar da su, ba ta gamsar da ni.

Wasila, da safen nan kin shigo da dariyarki, kina ba ni labarin yadda Balkisu, autarki, ta ƙi saka safa. Kika wanke hannu, kika sa rigar aiki, kika ɗebo ruwan tanki kika duba a madubin likita, kika ce yistin yana cikin ƙoshin lafiya. Kina tsaye kina gaya mini yawan sukarin da zan ƙara, sai na ji kin yi shiru. Na ɗago kai na ga kin dafe ƙeya da hannu biyu. Kika ce, "Rebecca, kaina." Na jawo miki kujera, ba ki kai ga zama ba, kika sulale a hannuna. Na yi ta kiran sunanki, na yi ihu har maƙwabta suka shigo, muka ɗauke ki a motar wani mai shago. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Daga baya babbansu ya kira mijinki, Malam Usman, gefe, ya ce masa jijiyar jini ce ta fashe a cikin kai, irin wadda ba ta ba da sanarwa. Ke nan. Macen da ta yi dariyar safa da safe, kafin a kira azahar an lulluɓe ta.

Na san ki muna 'yan mata a makarantar kwana, kina kan gadon sama ni ina ƙasa. Ke ce kika fara kai ni ƙauye. Da aka yi hutu kika ce sai na bi ki Furfuri, mahaifina ya yi ta jan ƙafa, har sai da Alhaji Attahiru, mahaifinki, Allah Ya jiƙansa, ya zo gidanmu da kansa ya roƙa. A can na san Inna Delu, mahaifiyarki, wadda bakinta ya kasa sunana, ta mai da ni Rabi, kuma Rabi nake a gidanku har yau. Inna tana haɗa humra da turaren wuta, matan Furfuri da Karakkai da Bungudu suna aikowa a duk lokacin biki. Na tuna ki durƙushe kusa da ita kina daka mata kajiji, kina tambayarta daga ina ƙamshi yake fitowa a cikin itace, tana korar ki da muciya tana cewa kin cika tambaya.

Kin tafi jami'a kin karanta ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani, ni na karanta aikin ɗakin gwaji. Kika wuce ƙasar waje neman digirin ƙarshe, kowa ya ce shi ke nan, Wasila ta tafi. Sai ga ki kin dawo, kin kama koyarwa a jami'a, kin zo har asibitin da nake aiki kin ce mini in ajiye in biyo ki. Na tambaye ki aikin me. Kika ce za mu yi man sandal ba tare da itacen sandal ba. Wallahi na ɗauka karatu ne ya taɓa ki.

A kan benci a ƙofar asibitin kika yi mini bayani, kuma zan maimaita shi yadda kika faɗa, saboda waɗanda suka yi ta jin sunan aikinki ba su san ko mene ne ba. Kika ce sandal, wanda humra ba ta cika sai da shi, itace ne na ƙasashen nesa, yana shekaru masu yawa kafin zuciyarsa ta yi ƙamshi, an sare shi har ya yi ƙaranci, abin da ke isowa kasuwanninmu kuma mafi yawansa gauraye ne. Inna kanta ta daina humrar amare saboda ta ce ba za ta sa sunanta a kan jabu ba. Kika ce a cikin kowace halitta akwai umarnin da ta gada, wanda ke gaya mata abin da za ta ƙera a jikinta, kuma masana sun gano wane umarni ne ke sa itacen sandal ya yi mansa. Ana iya kwafo wannan umarni a dasa shi a cikin yisti, wannan dai yistin da ake sa wa burodi da fanke, wanda shi ma halitta ce mai rai. In aka ciyar da shi da sukari a cikin tanki mai tsabta, aka hura masa iska, sai ya riƙa fitar da irin man da itacen ke fitarwa. A tace man, a dafa yistin ya mutu kafin a zubar. Kika ce a wasu ƙasashe an riga an yi, ke abin da kike so shi ne a yi shi a Gusau, da ruwan raken fadamarmu da mazarƙwaila, domin ya isa hannun mata irin Inna.

Ban gane rabin abin da kika faɗa ba a ranar. Na dai san ki, sai na biyo ki.

Shekarun farko ba su yi daɗi ba. Kin yi ta safa da marwa tsakanin Gusau da Abuja har kika samu izinin hukumar da ke sa ido a kan irin wannan aiki, kuma ba ki yarda mun buɗe kwalba ɗaya ba sai da izinin ya zo. Wutar lantarki ta kashe mana yisti, zafin bazara ya kashe mana, wasu ƙwayoyin da ba a gayyata ba suka shiga tanki suka mai da shi tsami. Ba zan ɓoye ba, a kan tsabta ba ki da sauƙi ko kaɗan. Kin taɓa yi mini faɗa a gaban ɗalibanki don na shigo da gyalena na waje, har na yi fushi na tafi gida. Da yamma sai ga ki da ƙullin gurasa da balangu, kika zauna a tabarmar mahaifiyata, ba ki ce a yi haƙuri ba, ni ma ban ce na haƙura ba, muka ci muka tashi.

Sai maganar giya ta taso. Wani ya leƙa ta taga ya ga tanki yana kumfa, ya ji ana sauke mazarƙwaila, ya ga kuma Kirista ce ke kula da wurin. Nan da nan unguwa ta ɗauka cewa malamar jami'a tana dafa burkutu a bayan Sabon Gari. Na tsorata ƙwarai, don na san inda irin wannan magana take kai mutum a garin nan, na ce miki ko in daina zuwa har ƙura ta lafa. Kika dube ni kika ce, "In kika daina zuwa, na gaskata su ke nan. Gobe ki zo da wuri." Washegari kika je da kanki wurin limamin unguwa, Malam Bawa, kika roƙe shi ya zo da dattawa su gani da idonsu. Kika sa musu farar riga da hula ɗaya bayan ɗaya, kika nuna musu yisti a madubi yana tohowa. Liman ya tambaye ki kai tsaye ko yisti da sukari ba su ne uwar barasa ba. Ba ki yi kwana-kwana ba. Kika ce haka ne, in aka hana shi iska abin da yake yi ke nan, shi ya sa muke hura masa iska dare da rana, kuma ba za ki rantse cewa ko ɗigo ba ya samuwa a cikin ruwan ba, amma ruwan ba a sha, dafa shi ake yi a zubar, mai kawai ake ɗauka. Liman ya ce zai je ya yi nazari. Da ya dawo ya ce shi bai ga abin zargi ba, ya kuma faɗi haka a masallaci. Daga nan maganar ta mutu.

Ranar da ƙamshi ya fara fitowa ba zan manta da ita ba. Ɗan mai ne kaɗan a gindin kwalba, ko cokalin shayi bai cika ba. Kika ɗiga a auduga kika shinshina, kika miƙo mini, muka tsaya muna kallon juna. Ba ki yarda da hancinmu ba, kika ce mu so muke ya zama, don haka hancinmu zai yi mana ƙarya. Kika aika da rabi Legas a auna da na'ura, sauran kuma muka shiga mota muka kai Tsafe wurin Hajiya Luba, wadda ta fi kowa suna a haɗa humra a wannan yanki. Hajiya ta shafa a bayan hannu, ta ci gaba da hirarta da mu kamar ta manta, sai can ta sake kai hannun hanci. Ta ce sandal ne, babu shakka, sai dai ya fi na itace haske, za ta ƙara masa farcen humra ƙamshin ya zauna. Sakamakon na'ura ma da ya zo, kusan abin da ya ce ke nan. A hanyar dawowa kin yi ta waƙar yara a mota kina buga gwiwa, direba yana satar kallonki ta madubi.

Hajiya Luba tana da mata da take koya wa sana'a, mafi yawansu waɗanda rashin tsaro ya raba da mazajensu da ƙauyukansu suka dawo cikin Tsafe da 'ya'ya. Wani babban ɗan kasuwar turare daga Kano ya ji labari ya zo har Gusau, ya ce a ba shi duk abin da tanki zai fitar, shi kaɗai. Kika karɓe shi da mutunci, kika ba shi ruwa, kika ce masa ya yi haƙuri, akwai waɗanda suka riga shi. Da ya fita na ce miki ai da shi za mu samu babban tanki. Kika ce tanki zai zo a lokacinsa, amma matan nan yanzu suke buƙata. Sallar da ta wuce, humrar da aka yi da manki ita amare suka shafa daga Tsafe har Bungudu, Inna Delu ma ta sauko da tsofaffin kwalabenta daga saman rumbu ta wanke. Manoman rake na Karakkai kuwa sun san motarki daga nesa.

Abin da kika yi mini ni kaina ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Da mahaifina ya rasu, muka ɗauki gawarsa zuwa garinmu na asali a kudancin Kaduna. Kina da tsohon ciki a lokacin, kowa ya ce ki zauna. Kika shiga motar gawa tare da mu, kika zauna a bencin ƙarshe na coci da hijabinki har aka gama sujada, kika riƙe mahaifiyata a bakin kabari. 'Yan uwanmu na can har yau suna tambayata ina 'yar'uwar nan tawa Bahausa. Ban san da wane baki zan gaya musu ba.

An kawo ki gidan Malam Usman bayan azahar. Aka ɗauko Inna daga Furfuri, an ce mata ba ki da lafiya ne kawai, amma tana ganin taron ƙofar gida ta gane. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta shiga ta buɗe fuskarki ta daɗe tana kallo, sannan ta fito tsakar gida ta nemo ni da ido a cikin mata. Ta ce, "Rabi, ina turaren da ɗiyata ta yi?" Na ce akwai 'yar kwalba a jakarki, wadda kike yawo da ita kina shinshinar da mutane. Ta ce a kawo, da shi za a turara likkafani. Ni da na tace wannan mai da hannuna, ina zaune a bakin rijiya na ji ƙamshinsa ya fito daga ɗakin da ake shirya ki. Bayan la'asar maza suka ɗauke ki, na bi bayansu da ido har suka sha kwana.

Sai da gari ya waye na tuna yadda muka baro ɗakin bincike: ƙofa a buɗe, tanki yana aiki, ga firizar da muke ajiye asalin yistin, wanda kika yi shekaru kina gyarawa, wanda babu irinsa a ko'ina sai can. Ban iya tashi daga cikin masu makoki ba, don na ga kamar rashin kunya ne a ce ana zaman rasuwarki ni ina tunanin kwalabe. Malam Usman ne ya aiko a kira ni zaure. Idanunsa sun kumbura, ya miƙo mini makullanki ya ce, "Ki je ki duba mata. In wani abu ya same su, ba za ta so ba."

Na isa na tarar da baƙon kwaɗo a ƙofa. Ashe Malam Bawa ne, bayan an tafi da ke asibiti, ya ga wurin a buɗe ya kulle da kwaɗon gidansa. Da ya dawo daga maƙabarta ya ji wata na'ura tana ta ƙara a ciki, bai san ko mece ce ba, sai ya tuna ranar da kika zaga da su kin nuna musu firizar kin ce in ta huce aikin ya mutu. Ya nemo mai gyaran sola ya tsaya a kansa har aka haɗa wayar wutar da muka tsinka da ƙafa garin fitar da ke. Shi ya zo ya buɗe mini na shiga. Abin da ke cikin tanki ya lalace, ya yi tsami, na dafa shi na zubar kamar yadda kika koya mini. Amma na firiza yana nan daskare, lafiya lau. Na rufe murfin, na juya in gaya miki, sai na ga kujerar da na jawo miki tana nan a inda ta faɗi.

Mutane suna tambayata ko aikin zai ci gaba. Gaskiyar magana ban sani ba. Na iya rainon yisti, na iya tace mai, amma ban iya abin da kike yi da umarnin cikinsa ba, izinin hukuma kuma da sunanki yake. Kin fara aikin ƙamshin banila daga dusar shinkafa saboda masu gasa burodi da kek, ya tsaya a rabi. Ɗalibanki mata biyu sun zo ta'aziyya sun ce ba za su bari ba, malamin da ya koyar da ke a waje ya bugo waya yana kuka ya ce zai taimaka. Hajiya Luba ta zo daga Tsafe da matanta cike da mota, ba wadda ta yi maganar mai, sun zauna sun yi miki addu'a sun tafi. Abin da na iya ɗauka wa kaina kaɗai shi ne firizar nan ba za ta huce ba muddin ina Gusau. Sauran sai hankalina ya dawo jikina, don har yau da safe na kama kaina ina neman lambarki in tambaye ki ko in saka sabon tanki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Usman, wanda ya tsaya miki lokacin da ake cewa ya bar matarsa tana wasa da abin da Allah bai sa ta ba. Allah Ya ba shi haƙurin da ya fi ƙarfin mutum. Ga ɗanki Yazid, wanda ya girma a yini ɗaya, da Balkisu, wadda har yanzu take zaton tafiya kika yi, Allah Ya raya su, Ya zama gatansu, Ya ba su zuciya irin ta uwarsu. Ga 'yan uwa na Furfuri da Karakkai da Bungudu, da matan Tsafe, da ɗalibai da abokan aiki, da Malam Bawa da jama'ar unguwa, Allah Ya ba mu juriyar wannan rashi, Ya saka wa kowa da alheri.

Inna Delu kuwa, ita ce ma ta fara yi mini magana. Da za a mai da ita gida na raka ta bakin mota, ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ta ce, "Rabi, duk Juma'a takan taho ta gaishe ni. Wagga Juma'a wa za ni jira?" Na ce ni. Inna, Allah Ya sanyaya zuciyarki, ki jira ni, ina nan tafe.

Wasila, ranar Lahadi na tashi a coci na faɗi sunanki, muka roƙa miki rahamar Ubangiji da irin bakinmu. A nan kuma zan roƙa miki da bakin gidanku, wanda a tabarmar Inna na koya. Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki Ya yalwata shi. Allah Ya karɓi wahalar da kika sha domin bayinSa, Ya sa ta zama sadaka mai gudana a gare ki. Allah Ya sa Aljanna ce makomarki, mu kuma da kika bari a tsaye, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.